Fuskar da ke Jikin Kwalba

Taƙaitaccen bayani. Daga watan Shawwal na wata shekara zuwa Rajab na mai bi mata, an sarrafa wani man shafawa mai suna Gimbiya Oganik a wani gida da ke bayan tasha a Kaura Namoda, aka sayar da shi a Kaura da Shinkafi da Zurmi. Takardar da aka manna a jikin kwalbar ta yi da'awa uku: cewa babu sinadari a ciki, cewa an tantance shi, da cewa matar da hotonta ke jiki ita ce ta haɗa shi da hannunta. Ta ukun ce kaɗai gaskiya. An yi bincike, an rufe fayil, ba a sami kowa da laifi ba. Abin da ke biye shi ne abin da bai shiga fayil ɗin ba.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin akawu, saboda haka har yau duk wanda ya sami takarda mai Turanci a layinmu, zaurena yake kawo ta. Katangata ɗaya da gidan Alhaji Zaharaddeen, mai motocin dakon hatsi. Tare muka tashi da mahaifinsa marigayi, don haka Baba 'ya'yan gidan suke ce mini.

Wata safiya matar Alhaji, Hajiya Laila, ta yi sallama, ƙanwarsa Kulsumu na biye da ita riƙe da ambulan. Kulsumu ta dawo gidan yayanta ne daga Dauran, ita da 'yarta Zulaihat mai shekara goma sha bakwai, bayan rasuwar mijinta. Baƙa ce mai sheƙi, fatarta sumul, kuma sana'arta ɗaya: ta fasa ƙwallon aduwa, ta tatsi mansa, ta haɗa da man kaɗe, ba ta ƙara komai. Ƙungiyar mata masu tatsar mai ce ta tura ta bita ta kwana uku a Gusau, ta dawo da takardar nan.

"Baba, karanta muna wagga takarda," in ji Hajiya Laila. "Mu ji mi anka ba ƙanwar miji."

Na sa tabarau na karanta har ƙasa. Na ce, "Takardar halarta ce. Tana shaida cewa Kulsumu ta zauna a taron daga Talata zuwa Alhamis."

"To wanga koren hatimi mai ganye hwa?"

"Tambarin masu shirya taron ne. Bai ce komai a kan mai ba."

Kulsumu ta ce, "Haka sunka ce muna, Hajiya. Takardar tantancewa daban ta. Sai mai dubawa ya zo ya ga dajin da anka tsinto aduwa, ya ga turmi da tukunya, ya ɗebi man ya kai gwaji. Kuma duk shekara sai an sake."

Hajiya ta tafa hannu tana dariya. "Ku ji min! Kwana uku a Gusau, ta dawo huruhwesa. Hatimi dai hatimi na, Baba. Wa ka tsayawa karatu bakin kwalba?"

A nan ya kamata in yi bayanin wata kalma. A littafi, oganik na nufin abin da aka samar ba tare da takin zamani ko magani ko wani haɗi na kamfani ba. A bakin matan Kaura kuwa, oganik shi ne man da ke sa mace ta yi haske ba tare da an ce mata 'yar bilicin ba. Duk abin da ya faru, a tsakanin ma'anonin nan biyu ya faru.

Hajiya ta kai takardar shagon Murtala mai buga kati. Ya ciro hatimin, ya ɗora a kan takardar kwalba, ya sa lambar takardar bitar a ƙarƙashinsa don ya yi kama da rajista, ya rubuta sunan Kulsumu a matsayin mai haɗawa. Kwalaben farko man Kulsumu ne zalla. Kafin sati uku aka fara dawo da su. Matata A'isha tana tsakar gidan lokacin da wata mai saye ta dire kwalba a kan tabarma ta ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah, wanga ba oganik ba na! Kwana goma sha huɗu ina shahwa, ko kunnena bai yi haske ba."

Da haka aka kama mai na gaskiya da laifin zama jabu.

Hajiya ta gyara kuskuren cikin mako guda. Aka soma shigo da kwalayen man tiyub daga kemis, da wata farar hoda a leda, da wani ruwa a jarka marar suna. Aka ajiye babban baho a ɗakin girki. Kulsumu za ta zuba manta mai tsabta, ta matse tiyub ɗin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba hoda da ruwan, ta sa hannu ta yi ta murzawa har ya haɗu. Ta nemi safar hannu. Hajiya ta ce oganik ba ya son roba, kuma a bidiyon da take ɗorawa a waya masu saye suna son ganin hannu a cikin mai. Ba a ɗaukar bidiyon sai an kawar da kwalayen.

Sai kuma batun fuska. Kaya irin wannan ba ya tafiya sai da shaida mai rai, Hajiya kuwa ta ce ita fatarta ba ta ɗaukar gwaji. Kulsumu ce za ta shafa, safe da yamma.

"Hajiya, na san abin da ke ciki," in ji Kulsumu. "Ni ka matse shi."

"To, in kin gaji ki hwaɗi, ba dole. Ai Zulaihat ta girma, ga hwata mai kyau. Ita ma tuwon gidan ga taka ci."

Wasa ne irin na matar wa da ƙanwar miji, kuma da murmushi aka faɗe shi. Kulsumu ba ta sake neman safar hannu ba. Ta kuma hana Zulaihat ko leƙa ɗakin girki idan bahon na ƙasa.

A wata na biyu ta yi fari tas. Aka ɗaura mata gyale mai ruwan zuma, aka ɗauki hoto, Murtala ya ƙara masa haske, aka manna a kwalba. Kaya ya tashi. Direbobin Alhaji na kai katan Shinkafi ranar Alhamis, a kan buhunan gero. Mata na shigowa gidan, a kira Kulsumu ta fito ta tsaya a rana, su juya fuskarta hagu da dama suna cewa ma sha Allah.

A wata na huɗu ta kawo mana ɗanwake, na ga hannuwanta. Fatar ta yi siriri kamar takardar kwafi, jijiyoyi kore sun fito ɓaro-ɓaro, gaɓoɓin yatsun kuma sun yi baƙi ƙirin. Akwai yanka a babban yatsanta. Na tambaya, ta ce wuƙa ce ta ɗan taɓa ta tun sati uku da suka wuce.

"Sati uku bai rufe ba?"

"Yana ƙoƙari, Baba."

Na tari Alhaji Zaharaddeen a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa, yana neman takalminsa da ƙafa.

"Baba, harkar mata ta. Ni ko warin abin ban sani ba."

"Motocinka ke ɗaukarsa."

"Motocina har awaki suna ɗauka, ban san sunayensu ba. Kuma ai taimako anka yi mata. Mace ta dawo ba miji, an ba ta ɗaki, an ba ta abin yi, hotonta har Zurmi. Wa ya san Kulu da can?"

Na je wurin Murtala. Ya ce shi abin da aka ba shi yake bugawa, in an kawo masa takarda an ce a rubuta cewa jaki likita ne, zai tambayi kala nawa ake so. Mai kemis ya ce shi tiyub yake sayarwa, ba ya bin mutum gida. Na lura kowa a cikinsu yana da hujja mai kyau. A aikin ofis ma haka muke: takarda takan bi tebur bakwai ta kashe mutum, kuma kowane tebur hannu kawai ya sa.

A wata na shida fuskar ta juya. Kumatun suka kumbura suka yi jajir, ƙuraje suka feso, wani baƙi mai kama da toka ya shimfiɗu daga ƙarƙashin ido zuwa kunne. In ta tsaya kusa da murhu sai ta ji kamar an watsa mata barkono. A'isha ta faki ido ta kai ta asibiti da sunan rakiya. Likitar ta duba, ta tambayi abin da take shafawa, Kulsumu ta lissafa mata sunayen tiyub ɗin. Likitar ta ajiye biro ta dube ta, ta ce a rabu da man, ta rubuta magani, ta kuma gargaɗe ta cewa fatar za ta yi bore kafin ta lafa.

Ta bari. Kwana biyar fuskar ta yi kamar an ƙona ta, tana ɓarewa tana tsattsafo da ruwa. Hajiya ta tsaya a kanta riƙe da ƙugu.

"Kin gani? Kina shahwa kina lahiya, kin bari kin lalace. Likitocin ga baƙin ciki suka yi da kayan gargajiya. Dattin jiki na ka hita, ki ƙara yawan shi."

Ta koma shafawa, domin shi kaɗai ke kwantar da zafin na 'yan sa'o'i. Hannun kuwa bai taɓa barin baho ba ko da kwana ɗaya.

Matsalar da ta rage wa Hajiya ita ce masu saye da ke cewa a fito da mai hoton. Ta warware ta da niƙabi. Ta sayo baƙi mai rufe har ido, da safar hannu ta yadi, wadda oganik bai ƙi ba tunda ba a cikin baho ake sa ta ba. Ta sanar da mata cewa hasken Kulsumu ya kai inda bai halatta a riƙa nuna shi ba. Ciniki ya ƙaru. Wata maƙwabciya ta yaba wa Alhaji a kan tarbiyyar gidansa, ya ce alhamdu lillahi.

A ranar wata Litinin cikin Rajab, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wata dattijuwa ta fito, ta jawo wata budurwa da ta rufe kai da mayafi, jami'ai biyu na biye da su daga ofishin da ke lura da irin waɗannan kaya. Daga Shinkafi suke. Budurwar sunanta Mardiyya, saura kwana tara bikinta, kuma wata guda ta yi tana shafa Gimbiya Oganik don gyaran amarci. Hayaniya ta tara mutane, Alhaji ya aiko a kira ni a matsayin dattijon layi. Aka zauna a zaure.

Uwar ta yaye mayafin. Kumatun yarinyar biyu sun saɓule, sun yi ja kamar naman da aka feɗe.

"Ga oganik ɗinku!" in ji ta. "Ɗiyata ta karanta kwalba, tac ce Inna akwai hatimi, an tantance. Ku hito min da mai hoton ga!"

Babban jami'in ya juya kwalbar a hannunsa. "Nan an rubuta Kulsumu ce mai haɗawa. Tana ina?"

Hajiya ta amsa daga bayan labule, muryarta a sanyaye. "Ranka shi daɗe, mu ma saye muka yi. Can Dauran taka haɗawa ta aiko. Mu ba mu san mi taka sawa ba."

An riga an kai bahon gidan wata ƙawar Hajiya ta ƙofar baya. Jami'an suka dubi juna. Kowa a zauren ya san halin da hanyar Dauran take ciki saboda 'yan bindiga, kuma kowa ya san babu wanda zai bi ta saboda kwalbar mai.

Sai labulen ya motsa. Kulsumu ta fito cikin niƙabinta, ta wuce yayanta, ta durƙusa gaban Mardiyya ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙe ta ɗage niƙabin.

Uwar amaryar ta yi salati.

"Ni ta Kulsumu," in ji ta. "Ni ka haɗa shi, cikin gidan ga, da hannun ga. Ku rubuta abin da ke ciki, in hwaɗa muku ɗaya bayan ɗaya."

Jami'in ya dubi kwalbar. A jikinta akwai mace fara sol, mai siririyar fuska, tana murmushi. Ya dubi wadda ke gabansa. Ya sake duban kwalbar.

"Baiwar Allah, ba ke muke nema ba."

"Wallahi ni ta."

Ya juya ga maigida. "Alhaji, wace ce wannan?"

Alhaji Zaharaddeen ya gyara hularsa. "'Yar'uwa ta. Ba ta da lahiya, kamar yadda kaka gani."

Na sha nazarin amsar nan. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a cikinta. Da a ofis ne da an ƙara masa girma.

Hajiya ta ƙara daga bayan labule cewa tun da ciwon ya kama ta takan yi surutai. Na ce ni shaida ne, na san yarinyar nan tun tana goye. Jami'in ya ce ya gode, amma shaidar baki ba ta shiga fayil, a kawo katin shaida. Zulaihat ta ɗauko. A jikin katin akwai mace baƙa mai sheƙi, wadda ba ta yi kama da ta kwalba ba, ba ta kuma yi kama da ta zaure ba. Fuska uku, suna ɗaya. Jami'in ya ce in ana so a tabbatar, a je a ɗora yatsa a na'ura a kawo masa takarda.

Washegari ni da A'isha muka kai ta wurin masu rajistar kati. Ma'aikacin ya ɗora babban yatsanta a gilashi, wuta ta nuna ja. Ya goge, ya sake. Ya gwada manuni, ya gwada na tsakiya, ya koma hannun hagu. Ya ce ta hura musu iska, ta goga a goshi. A ƙarshe ya ɗaga hannun ya duba a hasken taga.

"Mama, ai yatsunki ba su da zane. Sumul suke. Wane irin aiki kike yi?"

Kulsumu ta janye hannunta. Ta mayar da safarta.

Na rubuta takardar koke, da sakin layi mai lamba, da kwafi ga duk wanda ya dace. Na rubuta ta biyu ina tunatar da ta farko, na rubuta ta uku ina tunatar da ta biyu. Abin da na samu shi ne labarin cewa an kwashe kwalaben da suka rage a kasuwa, an ja wa wata dillaliya kunne, an kuma rubuta cewa ba a sami mai haɗawa ba.

Wuri ɗaya ne aka yarda cewa Kulsumu ita ce Kulsumu. Shugabar ƙungiyar masu tatsar mai ta ga lambar takardar bitar a jikin kwalba, ta duba littafinta, ta soke sunan. A lokacin suna shirin karɓar mai dubawa na gaskiya, ba za su bari a gan su da irin wannan suna ba. Ban ga laifinsu ba. Kulsumu ma ba ta gani ba.

Na ce mata ta dawo gidana ita da 'yarta, akwai ɗaki. Alhaji ya aiko da amsa cikin girmamawa cewa Kulsumu babba ce, tana iya zuwa inda take so, amma Zulaihat marainiya ce a hannunsa, dangin ubanta shi suka damƙa wa, ba za ta kwana a wani gida ba yana raye. Hajiya kuma ta ce gidan ya yi asara saboda bakin wasu, dole a tashi sabon kaya, kuma hannu ake bukata, ko na wa.

Bayan sati shida bahon ya dawo. Sabon man sunansa daban, hoton wata Balarabiya ce da Murtala ya ciro daga waya, ba a rubuta sunan mai haɗawa ba. Koren hatimin mai ganye yana nan a kusurwarsa. A'isha ta shiga ta tarar da Kulsumu a durƙushe, hannu biyu cikin mai har wuyan hannu, ƙofar ɗakin girkin a rufe.

"Kulu, ba ki daddara ba?"

"Inna, nawa sun riga sun tahi. Mi za ya ci kuma?"

Ga jimillar abin da al'amarin ya ci, gwargwadon abin da na iya tabbatarwa.

Fuskar Kulsumu, ɗaya. Likita ta ce baƙin ba zai tashi ba.

Zanen yatsu, goma.

Suna, ɗaya: an soke shi a inda yake da amfani, an ƙi karɓarsa a inda ta miƙa shi da kanta.

Kumatun Mardiyya, biyu. An ɗaga biki sau biyu, ban ji an sa rana ta uku ba.

Sauran matan Kaura da Shinkafi da Zurmi da suka karanta kwalba suka yarda, ba a ƙidaya ba.

Takardun koke, uku. Amsa, babu.

Wanda aka hukunta, babu.

Hannuwan Zulaihat, biyu. Jiya ta kawo mana ɗanwake, na duba su da kyau: baƙaƙe ne, sumul, kowane yatsa da zanensa.